Yadda Ake Tantance Mai Neman Ɗaukar Ciki Don Wasu a Amurka

A fara duba dokar jiha. Kalifoniya ta yarda a biya mace ta ɗauki ciki ta haifa wa wasu, jihar Niyok ta halatta hakan a 2021, amma a Ingila kuɗin ɗawainiya kawai doka ta amince da shi.

Likitoci suna son mai shekara 21 zuwa 45, wadda ta taɓa haihuwa lafiya, kuma tiyatar haihuwa ba ta wuce uku ba.

Batun kuɗi shi ya fi buƙatar natsuwa. A tambaye ta bashin da ke kanta da abin da take samu. Wadda talauci ya matsa wa takan ɓoye ciwon da ta yi a cikin da ta ɗauka a baya, wannan kuwa haɗari ne ga rayuwarta. A ba ta lauyanta daban da na waɗanda za ta haifa wa, a ajiye kuɗinta a asusun amana kafin a dasa mata ƙwan haihuwa a mahaifa.