Bayan wuta ta ja mutum: kurakuran da ke cutar da jijiyoyi

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a ga mutum ya miƙe ya kaɗe rigarsa, a ce an auna arziki, kowa ya watse. Jijiyoyi suna aika saƙo ne da ƙaramar wutar jiki, don haka lantarki na bin su cikin sauƙi, ya ƙona su daga ciki alhali tabon da ke fata bai fi ƙwayar wake ba. Illar kan ɓuya kwanaki, wani lokaci watanni. Sai yatsu su fara mutuwa, cokali na suɓucewa, ƙafa ta yi nauyi, ga mantuwa da rashin barci da saurin fushi. A nan ne ake cewa iska ce ko sammu. A kai shi asibiti ranar da abin ya faru, a auna zuciyarsa, in kuma alamun sun ɓullo daga baya a gaya wa likita maganar wutar, ko da ta daɗe. Fitsari mai launin shayi alama ce tsoka ta lalace, ƙoda na cikin haɗari.

Sai masu ihun "saki wayar!" Ba zai iya ba. Wutar gidajenmu, volt 230, tana ƙanƙame tsoka, kuma tsokar damƙewa ta fi ta buɗe hannu ƙarfi. Wanda ya fizgo shi da hannu ya zama na biyu. A kashe wuta daga mita ko janareto. In ba hali, a ture wayar da busasshen itace. Babban layi mai volt 11,000 ko 33,000 kuwa itace ba ya tare shi, a yi nesa a kira ma'aikatan wuta.

Wanda ya faɗo daga tsani kada a ciccibe shi kansa na lilo. Ƙashin wuya na iya karyewa, jijjigar ta taɓa laka, shanyewar jiki ta biyo baya. A riƙe kansa daidai da gangar jikinsa.

Ɗura wa sumamme ruwa ko madara shaƙe shi yake yi. In yana jijjiga kar a cusa cokali a bakinsa. In numfashi ya tsaya, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota.