Kurakuran da sababbin mafarauta ke yi a jihar Ohayo, da yadda za a kauce musu

Na daɗe ina farautar barewa a jihar Ohayo ta ƙasar Amurka, kuma duk shekara da watan Nuwamba ya kama sai 'yan'uwanmu da suka zo karatu ko aiki su same ni da roƙon in shiga daji da su. Ba na ƙi, amma na gaji da maimaita gargaɗi iri ɗaya ga mutane daban-daban. Tushen yawancin kurakuran guda ne: mun taso a inda ake ɗaukar daji na Allah ne, samari su fita da karnuka da gora bayan an gama girbi ba tare da an tambayi kowa ba. A nan kuwa kusan duk kurmin da ka gani yana da mai shi, kuma kowace jiha tana da tata dokar farauta, saboda haka abin da ya halatta a Fensilbeniya ko Indiyana yana iya kai mutum gaban alƙali a Ohayo.

Kuskuren da ya fi kowane tsada shi ne raina maganar izinin mai fili. Dokar Ohayo ta wajabta wa duk mai farauta a filin wani ya mallaki izini a rubuce daga mai filin, ya kuma riƙe takardar a jikinsa muddin yana cikin filin. Idan manomi ya ce maka da baki ka shiga ba komai, wannan karamci ne, amma ba hujja ba ce a wurin jami'in kula da namun daji. Hukuncin laifin farko yana iya kai wa tarar dala 500 da ɗaurin kwana 60.

Ni kaina ta wannan ƙofar aka kama ni, kuma abin takaicin shi ne ina da takardar a aljihu. A shekarata ta biyu na harbi wata barewa da yamma liƙis a gonar wani dattijo da ya rubuta mini izini. Ba ta faɗi nan take ba, ta tsallaka shingen waya ta faɗa kurmin maƙwabcinsa. Na bi sawun jini, a raina ina cewa ai dabbata ce, kuma barin ta ta mutu a banza zalunci ne. Ban yi taku ɗari ba na same ta, na jawo ta na dawo ina murna, ban san maƙwabcin ya ɗaura kyamara a jikin bishiya ba. Bayan kwana biyu jami'i ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya yi mini bayani cikin ladabi cewa izinin da nake da shi ya ƙare ne daidai bakin shinge, kuma ko dabbar da ka ji wa rauni ba ka da ikon bin ta cikin filin wani sai da izininsa a rubuce. Na tsaya a kotu, na biya tara, na rasa naman, sannan na sha kunyar dattijon da ya amince da ni, domin shi ne zai ci gaba da zama da maƙwabcin nan. Da an dakatar da lasisina, da dakatarwar ta bi ni zuwa wasu jihohin, saboda akwai yarjejeniya tsakaninsu ta mutunta irin wannan hukunci.

Tun daga ranar na sauya hali. A watan Agusta nake zuwa gaida mai fili, ba ana gobe za a buɗe farauta ba lokacin da kowa ke damunsa. Ina roƙonsa ya zagaya da ni iyakokin filin da ƙafa, ya kuma haɗa ni da maƙwabtansa, in nemi su ma su rubuta mini izinin bin dabbar da ta tsallaka. Wanda ya ƙi, sai in nisanta mazaunina, wato inda nake zaman jiran barewa, daga iyakarsa. Idan na ga mai fili yana ɗari-ɗari, nakan tuna masa cewa dokar jihar ta sauke masa alhakin raunin da mafarauci ya ji a filinsa matuƙar bai karɓi kuɗi ba. Takardar kuma a leda nake naɗe ta saboda ruwa. Bayan farauta nakan kai musu kilishin da na yi da naman, kuma ban taɓa ganin abin da ke sabunta izini da sauri kamarsa ba.

Kuskure na biyu shi ne sayen bindiga kafin karanta littafin dokokin da hukumar namun daji ta jihar ke fitarwa kyauta kowace shekara. Wani ƙanenmu ya kashe kuɗi masu yawa a kan bindiga mai cin harsashi .30-06 saboda abokinsa na Fensilbeniya da ita yake farauta, sai a gidana ya ji cewa ba a harbin barewa da ita a Ohayo. Daga cikin abin da aka yarda da shi akwai bindigar tsuntsu mai ɗauke da dunƙulallen harsashi guda, ko bindiga mai ɗurin baki irin adakarmu ta gida, ko kuma, tun daga 2014, doguwar bindiga mai harsashin da kwansonsa miƙaƙƙe ne ba mai wuya ba, daga .357 zuwa .50. Harsasan da ke cikin doguwar bindiga ko ta tsuntsu kada su wuce 3 gaba ɗaya. Mai kwari da baka kuma ƙarfin jan bakansa kada ya gaza nauyin fam 40, na baka mai kunama kada ya gaza fam 75. Ga ɗalibai da sauran masu bizar zama na ɗan lokaci akwai abin da ya fi wannan haɗari: dokar tarayya ta hana su riƙe bindiga, sai dai in suna cikin waɗanda aka keɓe, kamar mai lasisin farauta da bai ƙare ba. Saboda haka lasisi ne farko, kuma kafin lasisin akwai darasin koyon farauta da ake buƙata daga duk mai saye karon farko, ko kuma lasisin ɗan koyo wanda ke tilasta maka fita tare da mai cikakken lasisi ɗan shekara 21 zuwa sama.

Maganar riga mai ruwan lemo kuwa har ranka ya ɓaci. A makon farautar barewa da bindiga, wanda ke farawa ranar Litinin da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, dole ne ka sa falmaran ko kwat mai wannan launi mai ɗaukar ido, kuma hula kaɗai ba ta wadatar ba. Amma sai ka ga mutum ya isa mazauninsa ya cire rigar ya cusa a jaka, wai kada barewa ta gan shi. Barewa ba ta rarrabe wannan launi yadda idon mutum yake yi. Motsinka da warinka ne ke korar ta. Wanda kake ɓoye wa kanka shi ne maharbin da ke ɗaya gefen kurmin da yatsa a kan kunama. Duk wanda ya cire rigarsa a gabana, farautarmu ta ranar ta ƙare, kuma ba ya ƙara shiga motata. Haka nake yi wa mai hawa kujerar da ake ɗaurawa a saman bishiya ba tare da ɗamarar da ke riƙe jiki ba, ko mai hawa da bindiga ɗure a kafaɗa maimakon ya sauke harsashi ya jawo ta da igiya bayan ya zauna.

Sauran kurakuran ba su buƙatar dogon bayani. Ba a korar barewa da karnuka a Ohayo, kodayake an yarda kare ɗaure da igiya ya bi sawun wadda aka ji wa rauni. Haska daji da fitila da dare don neman dabba laifi ne. Lokacin harbi yana farawa minti 30 kafin fitowar rana, ya ƙare minti 30 bayan faɗuwarta, kuma agogo ake dubawa, ba hasken gari ba. Zuba masara don jawo barewa haramun ne a filin gwamnati, haka kuma a yankunan da ake sa ido kan cutar nan mai ƙarar da barewa, wadda aka fara gani a barewar daji ta gundumar Wayandot a 2020. Namiji ɗaya tak mai ƙaho aka ba kowa a shekara, ko da wane makami ya yi amfani.

Idan Allah ya ba ka sa'a, kada ɗoki ya sa ka ja dabbar kafin ka cike takardar izinin harbin barewa ta hukuma da kwanan wata da lokaci da gundumar da ka harbe ta. Ni nakan yi bisimilla lokacin harbi, in na tarar da sauran rai in yanka, sannan in fito da alƙalami tun wuƙar ba ta koma kube ba. Rajistar dabbar da hukuma ta waya ko ta intanet tana da wa'adi zuwa ƙarfe 12 na ranar washegari, amma ni a wurin nake yin ta idan akwai sabis, in rubuta lambar tabbacin da aka ba ni a jikin takardar, domin mahaucin da zai gyara naman sai ya ga wannan lambar yake karɓa.