An cire yana amma ido bai washe ba: me za a yi?

Na daɗe ina aiki a ɗakin duba ido a nan Tawa, kuma ba abin da ke sosa mini rai irin tsoho ya dawo bayan aikin yanar ido ya ce, "Ɗana, an ce har allura zan gani a ƙasa, ga shi garara-garara nake gani." Wanda ya dawo ma da sauƙi. Wanda nake ji wa tsoro shi ne wanda ya koma ƙauye ya ce aiki ya lalace, ya hana a taɓa ɗayan idon.

Tambayar da nake fara yi ita ce: yaushe hazon ya soma? Amsarta ce ke nuna inda matsalar take.

Amma akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya. Idan ido ya yi jajir, ciwo yana ƙaruwa, gani yana raguwa bayan ya fara kyau, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga. Haka kuma ba a jira in mutum yana ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo-ɗigo da yawa lokaci guda, ko duhu yana rufowa daga gefe. A ranar za a tafi asibiti, ko da kwanan da aka rubuta a kati bai yi ba.

Hazon kwanakin farko kuwa yawanci kumburi ne na fatar gaban ido, yana sabewa cikin kwanaki ko makonni. Aikin gida a nan shi ne ɗiga magani daidai, kuma nan ake yawan kuskure. Na ga wata Inna ta kwanto kwalbar daga bakin zanenta, ta ɗaga kai ta matsa, ɗigon ya gangaro kan kumatunta, ita kuwa ta ɗauka ya shiga. A sami yaro mai hankali ya wanke hannu da sabulu, ya ja fatar ƙasan ido, ya sa ɗigo ɗaya ba tare da bakin kwalba ya taɓa ido ba. In magani biyu ne, a bar minti 5 tsakaninsu. A ajiye kwalli, a guji hayaƙin murhu da ƙurar hunturu, a tambayi likita yadda za a yi alwala a makon farko. Don Allah kada a sayi maganin ɗigawa a tebur in na asibiti ya ƙare: wasunsu suna tayar da hawan jinin ido.

Bayan mako 4 zuwa 6, in ido ya kwanta amma gani bai gamsar ba, sau da yawa tabarau ne kawai ya rage. Tun 1949 da likita Harold Ridley ya fara saka gilashin roba cikin ido a madadin yanar da aka cire, a Landan, ake ta gyara shi, amma irin wanda aka fi sakawa a nan nisa ɗaya yake kamawa. Shi ya sa Malam zai hango mai zuwa daga bakin masallaci, ya buɗe Alƙur'ani wasula su cakuɗe masa. Ga gwajin gida: a huda kwali da allura, a rufe ɗayan idon, a leƙa ta ƴar kafar. In abu ya ƙara fitowa sarai, alama ce mai kyau cewa tabarau zai taimaka. A je a auna, kada a ɗauki na kasuwa da ka.

Wani kuma gani zai yi kyau, sai ya dusashe bayan kamar wata guda. Ana samun kumburi a tsakiyar bayan ido, musamman ga masu ciwon suga, kuma yawanci yana jin maganin ɗigawa.

In hazon ya zo a hankali bayan watanni ko shekaru, mutane su ce yanar ta dawo. Ba ta dawowa. Siririyar jakar da aka zaunar da gilashin a ciki ce ta yi dishi-dishi, ana buɗe ta da hasken leza cikin mintuna kaɗan, a zaune, ba yanka. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, don haka a karɓi takardar turawa, a kuma tabbatar ta waya kafin a kama hanyar Konni, Dutsi da Doso zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 500.

Maganar da ta fi nauyi a bakina ita ce ta idon da bai taɓa washewa ba. Wani lokaci yanar ce ta ɓoye wata cuta: hawan jinin ido da ya ci jijiya, ko ɓarnar ciwon suga. Abin da jijiya ta rasa ba ya dawowa, kuma ɓoye wa tsoho wannan zalunci ne a ganina. Amma sauran ganin ana iya tsare shi da magani, ɗayan idon kuma ƙila lafiyarsa lau a bayan yanar.

Ranar komawa a riƙo katin aiki da duk kwalaben magani, har waɗanda suka ƙare. A tambayi likita kai tsaye: an auna hawan jinin idon? An duba bayansa? An saka gilashin ciki? In amsa ba ta gamsar ba, a nemi wani likitan ido ya sake dubawa da katin a hannu.