Yadda ake buɗe wa kifi hanya daga gulbi zuwa fadama, ga masu son kifi ya dawo ruwan garinsu

Duk wanda ya zo min da kukan kifi ya ƙare a rafinsu, tambayarsa ta farko ita ce a ina zai sayi 'ya'yan kifi ya zuba. Na sha ganin ƙungiyar matasa ta haɗa kuɗi da ƙyar, an ɗauko jarkoki cike da 'ya'yan tarwada daga gidan gona, an taru an zuba, kafin wata biyu babu labarinsu, wasu tsuntsu ya cinye wasu komar yara ta kwashe, sauran ruwa ya ƙafe musu. Kuma yawancin na gidan gonar nan haɗin tarwada da ramboshi ne ko irin da aka saba ciyarwa da hannu, ba su da abin yi a gulbi. Ku riƙe kuɗinku tukuna.

Kifin gulbi matafiyi ne, wannan shi ne abin da ake mantawa. Da rani yana kwance a gurbi mai zurfi, da ruwan damina ya fara tasowa sai ya kama hanya, ya bi ƙorama ya shiga fadama inda ciyawa ta nutse, can yake zuba ƙwai. Tarwada da dare take hawa, ƙwanta ya manne a jikin ciyawa ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Bargi sheƙa yake yi da ciyawa a ruwa mara zurfi. Kawara kuwa garke take tafiya mai nisa. 'Ya'yan su yi ƙiba a fadama, ruwa ya fara ja su biyo shi su koma gulbi. To in hanyar nan ta toshe wuri ɗaya tak, duk abin da ke sama da wurin ya mutu ko da ruwan ya kai kyan na randa.

Ni a yankin Hadeja zuwa Nguru na koyi wannan, dan haka da shi zan yi misali. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, kogin Hadeja ya sauya hali. A da ambaliya ce mai ƙarfi da damina, da rani kuma ya ƙafe sai gurabe. Yanzu ambaliyar ta rage faɗi, ruwa kuma yana gudu kaɗan-kaɗan har cikin rani saboda wanda ake saki dan noman rani da ruwan sha, wannan ɗan ruwan da ba ya yankewa shi ya reni kachala, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa a cikin ruwa, har ta cinye hanyoyin ruwa. Dam dai ba aikin ƙauye ba ne, sakin ruwa yana hannun hukumar raya kogin Hadeja da Jama'are. Abin da zan faɗa shi ne wanda garuruwa za su iya da hannunsu.

Mataki na farko, ku taka rafin da ƙafa, a Maris ko Afrilu lokacin da ruwa ya yi ƙasa. Daga ƙasa za ku faro, daga inda ƙoramar ta haɗu da babban gulbi, ku yi sama. Kar ku fara daga ƙofar garinku dan nan ne kuka fi sani, ina amfanin gyara sama alhali ƙasa a rufe take. Ku tafi da tsohon masunci, wanda ya yi su tun kafin dam in akwai shi, shi zai nuna muku inda bakin fadama yake a da ko da yanzu gonar shinkafa ce a kai. Duk inda kuka ga kwalbati, ko shingen ƙasa da masu injin ban ruwa suka tare, ko dumba, ko ramin da tifa ta kwashe yashi, ko duhun kachala, ku rubuta, ku ɗau hoto da waya. A watan Agusta ku sake komawa wuraren nan ruwa na gudu, saboda wani abin da ya yi kama da matsala da rani ruwa yana shanye shi, wani kuma sai da ruwa ake gane shi.

Na biyu, mutane. Kafin lauje ya taɓa ruwa ku zauna da Sarkin Ruwa na kowane gari da ke kan rafin, da dagaci ko bulama, da manoman fadama, da Fulanin da ke da mashaya a wurin. In kun tsallake gari ɗaya to shi zai rusa aikin. Maganar da ta fi zafi ita ce dumba, wato jerin gura, tarkon kifi, da ake kafawa daga gaɓa zuwa gaɓa, babu abin da ke wucewa, babba da ƙarami. Kar ku je da maganar a cire gaba ɗaya, mutum da abincinsa ba zai saurare ku ba. Ku nemi abu biyu: a bar ƙofa a tsakiya inda ruwa ya fi ƙarfi, ni kashi ɗaya cikin uku na faɗin nake nema ba na sauka daga nan, sannan kar a kafa ta sam a makonnin farko da kifi ke hawa da ƙwai a ciki. Mai dumba ya fi kowa sanin cewa uwar da ya kama a Yuli ita ce kwandon da ba zai samu ba a Nuwamba, in an yi masa magana da mutunci yana ji.

Na uku shi ne kachala, nan zan daɗe dan nan muka sha wuya.

Shekarar farko da muka yi gayya, mun jira rani ya yi tsakiya, muka sare ta a bushe muka tara muka cinna wuta. Hanya ta buɗe fes, har mutanen garin gaba suka zo kallo. Ruwa na dawowa ta tsiro, ta fi ta da kauri, dan wuta ganye kawai ta ci, saiwar tana kwance a ƙarƙashin laka cike da abinci, toka kuma ta zama mata taki, ga rana ta samu fili. Mutanen da suka bar aikinsu kwana da kwanaki suka zo, da muka sake kira rabinsu ba su fito ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ya ɗauke mu shekara biyu kafin su sake yarda da mu.

Ga abin da ba mu sani ba lokacin. Kachala ta ganye take shaƙar iska ta kai wa saiwa, har busasshen kara da ke tsaye yana kai mata iska. In kana son kashe ta sai ka nutsar da ita. Wato a cikin ruwa ake yanka, ƙasa da saman ruwa da aƙalla taƙi ɗaya, ni na fi son kamu guda in ruwan ya ba da dama, kuma a lokacin da ka tabbata ruwan zai zauna a kan kututturen makonni ba tare da ya ja ba. Kara ɗaya da ya leƙo sama ya isa ya rayar da na kusa da shi dan saiwarsu a haɗe take, saboda haka ba a barin tsibiri, ba a cewa wannan ɗan gefen a bar shi sai gobe. Gara ku yanke taku ɗari tas da ku yi taku dubu kuna tsallake-tsallake. Lokacin da ya fi shi ne sanda ta fara fitar da kai, irin zangarniyar nan mai kama da ta gero, dan a lokacin ta zuba ƙarfinta sama saiwa ta rame, kuma kun riga ta kafin ta watsa iri, in ta bushe ta fashe iska ce ke ɗaukar irin kamar auduga ta kai ko'ina. Bayan sati uku zuwa huɗu za ku ga sabon tofo ya huda ruwa, ku koma ku yanke, ku sake komawa karo na uku. Yanka na biyu da na uku su ne aikin, kuma su ne ake gudu, dan haka tun ranar farko ku raba mutane kashi uku kowa ya san ranarsa, kar a kwashe kowa da kowa a gayya ɗaya a gaji.

Wadda aka yanke kar a bar ta a ruwa. Tana ruɓewa ta cinye iskar ruwan, ƙananan kifi su taso sama suna haki, ko kuma ta tafi ta taru a bakin kwalbatin garin ƙasa ku jawo rigima. A ja ta kan tudu, ta bushe, masu tabarma da jinka za su ɗiba. Ba kuma sai kun share fadama duka ba, ba za ku iya ba ma. Layi ake buɗewa, faɗin da kwale-kwale biyu za su gifta juna, a bi tsohuwar hanyar ruwa da tsohon nan ya nuna, in ruwa ya samu gudu shi da kansa yana hana laka zama.

Maganar kuɗi, na san za a ce a nemo injin. Injin da ke shiga ruwa yana da amfani a babbar hanyar ruwa irin Marma ko Burum Gana na yankin Hadeja zuwa Nguru inda laka ta taru shekara da shekaru, wannan kam sai gwamnati. A ƙaramar ƙorama kuɗin mansa kaɗai zai saya muku lauje da adda da igiya ya ciyar da 'yan gayya. Abin da ba na yarda a yi tsumulmula a kai shi ne dogon takalmin roba da maganin tsargiya, dan ruwan kachala gidan katantanwar da ke ɗauke da cutar ne, duk wanda ya ga jini a fitsari ya tafi asibiti kar ya tsaya jiƙe-jiƙe. Maganin feshi kuma kar ma ya zo bakin ruwa, ko wa ya kawo shawarar.

Na huɗu, bakin fadama. In ya cike da yashi ku yashe, amma ku tsaya daidai tsohon ƙasan, za ku gane shi in shebur ya taɓa laka mai tauri. Masu zafin nama suna zurfafawa su ce ruwa ya fi shiga, e zai shiga, amma haka zai fice da wuri, fadamar ta tsiyaye tun 'ya'yan kifi ba su kai yatsa ba, mai shinkafa ma ya tashi da asara.

Kwalbati kuma matsalarsa biyu. Ko dai bakinsa na ƙasa ya rataye, ruwa ya cinye ƙasan wurin yana zubowa kamar daga indararo, ko kuma bututun ya yi ƙanƙanta ruwa na fita da ƙarfin da kawara ba za ta iya kutsawa ba. Ba duk kifinmu ne gwanin tsalle ba, tsayin taƙi ɗaya ya isa ya tsayar da kurungu. Gyaran talaka shi ne a jera manyan duwatsu a ƙasan kwalbatin layi-layi, kowane layi ya ɗan fi na bayansa tudu, ruwa ya taru ya zama matakala har ya shafe bakin. Dutse babba fa, wanda sai mutum biyu, buhun yashi damina ɗaya yake yi. In ana sabon titi a yankinku ku je tun ana awo ku roƙi a sa mai faɗin ƙoramar, a kuma binne gindinsa ƙasa da ƙasan rafi.

Sauran ba su da wuya. Gaɓa a bar mata taku goma ba noma, a dasa jema a layi dan riƙe ƙasa, bayanta giyayya da bagaruwa tunda su suna jure tsayuwar ruwa, itacen turare kam ban yarda da shi a bakin rafi ba. A kewaye dashen da ƙaya, a bar wa shanu mashayarsu a fili, in ba haka ba su za su buɗe da kansu. Itacen da ya faɗa ruwa in bai tare hanya ba ku bar shi, maɓoyar kifi ce. Masu tifa a nuna musu inda za su ɗiba nesa da gurbi.

Sai gurbin rani. Kowane gari ya ware aƙalla ɗaya mafi zurfi a hana su a ciki har ruwa ya dawo, wannan ba sabon abu ba ne, haka ake tsare Matan Fada a Argungu kafin ranar su. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta hana guba da nakiya da wutar lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da inci 3, amma a bakin ruwa maganar Sarkin Ruwa ta fi takarda saurin aiki, shi za ku ba tarar ya yanka. Gidan sauro da yara ke ja a bakin fadama a karɓe, zuba magimfa, tsiron nan mai kashe kifi, da maganin ƙwari a gurbi kuwa a kai maganar gaban hakimi kai tsaye.

In kuna son sanin ko aikin ya ci, a watan Oktoba da ruwa ya fara ja ku je bakin fadamar da sassafe ku tsaya shiru, za ku ga 'ya'yan kifi suna fita baƙi-baƙi a gefen ruwa. Ku ɗebi kaɗan a ƙwarya ku ƙirga iri nawa ne, ku rubuta ku mayar da su, baɗi a rana irin ta ku sake. Tarwada da karfasa su ke fara dawowa, kawara da tsage sai hanyar ta buɗe har gulbi, in shekara biyu ta wuce ba ku gan su ba to akwai wurin da ya rage a toshe a ƙasa, ku koma ku sake takawa.