Yadda Za Ka Nemi Tallafin Bincike Ta Hannun Jami'arka

1. Karanta sanarwar tsaf, musamman sharuɗɗan cancanta da ranar rufewa.

2. Garzaya ofishin bincike na jami'a tun da wuri. Sau da yawa nasu wa'adin yakan riga na masu ba da tallafin, don sai sun duba kasafin kuɗi sun sa hannu.

3. Rubuta tsarin aikin. Ba lallai masu tantancewa su zama 'yan fanninka ba. Masanin tarihi na iya duba takardar mai nazarin adabi. Don haka faɗi tambayarka a sakin layi na farko, ban da kewaye-kewaye. Nan da yawa ke faɗuwa.

4. Sa kuɗin tafiya ma'adanar takardu, fassara da ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubuce a kasafin.

5. Roƙi wasiƙun shaida da sauran lokaci.

6. Ba abokin aiki ya karanta, ka gyara, ka tura.