Yadda ake tafiyar keke daga Legas zuwa duwatsun Abeokuta

Wanda ya saba tuƙa keke a Legas bai san tudu ba tukuna. Daga Obalende zuwa Yaba, ko daga Idi-Araba zuwa Oshodi, ƙasar a shimfiɗe take, abin da ke gajiyar da mutum cunkoso ne da direbobin danfo. Amma kimanin kilomita 70 zuwa 80 arewa da Agege akwai Abeokuta, garin da ke zaune a tsakanin duwatsu, da hawa da gangara a kusan kowace unguwa, ga kuma tarihi. Mai keke zai iya zuwa ya dawo cikin Asabar da Lahadi, in ya shirya ƙafarsa da kekensa.

Fara da keken. Sai mai giya, wanda ke da faranti biyu ko uku a gaba, bakwai ko takwas a baya. Keke marar giya zai kai ka, amma rabin tuddan turawa za ka yi. Taya siririya irin ta 'yan tsere ba ta jure ramukan hanyar nan, ka nemi mai ɗan kauri. Ka kai wa mai gyara ya duba robar birki, wayar birki da ta giya, kaca da sifoki, amma ka kai shi mako guda kafin tafiya. Sabuwar waya tana saki bayan an ɗan hau, gara ta saki kana Legas.

Kaya a kan kariya ake ɗaure su. Jakar goyo tana jiƙa baya da gumi, tana kuma ƙara wa mazaunai nauyi a kan sirdi. Ka ɗauki tib biyu, faci da gam, famfon hannu, ƙananan sifanoni, sarƙa da kwaɗo, fitila, hular kwano da riga mai ƙyalli. Ruwa aƙalla lita biyu, da ƙunshin gishiri da sukari na ORS, da dabino da gyaɗa. Ka sa katin shaidarka da rasit ɗin keken a leda, domin akwai shingayen jami'an tsaro a hanya, kuma baƙo a kan keke mai tsada ba ya rasa tambaya. Ka riƙe tsabar kuɗi ma, kada ka dogara da tiransifa a ƙauye.

Sai horon ƙafa, mako uku ko huɗu. Mutanen Agege ba su da nisa da Oke-Ira a Ogba da layukan Ojodu, inda akwai ɗan hawa. Ka je da sassafe, ka hau ka sauka, ka maimaita har hannunka ya san giya ba tare da ka kalli ƙasa ba.

Hawan tudu shi ne asalin aikin, kuma a nan yawancin sababbi ke karaya. Ana canza giya tun kafin tudun ya kama ka. In ka bari sai feda ta yi nauyi sannan ka matsa, kaca za ta yi ƙara, ta tsallake, wani lokaci ma ta tsinke. Da ka hango hawa, ka sauke kacar zuwa ƙaramin farantin gaba, sannan ka riƙa hawa da ita zuwa manyan na baya ɗaya bayan ɗaya, kana ɗan sassauta taka feda a duk lokacin da za ka canza. Kada ka haɗa babba a gaba da babba a baya, kacar tana karkacewa ta ci kanta. Abin da ake so shi ne ƙafa ta riƙa juyawa da sauƙi, wajen juyi 70 zuwa 80 a minti ɗaya, ko da tafiyar ta zama ta hawainiya. Ka zauna a kan sirdi, miƙewa tsaye sai a ɗan gajeren wuri mai tsini, don tana cin numfashi. Ma'auni mai sauƙi shi ne magana: in ba ka iya amsa sallama ba tare da haki ba, ka wuce ƙarfinka, ka rage. Sannu ba ta hana zuwa. Saukowa ka tura ma ba abin kunya ba ne, ya fi a ɗauke ka da ciwon gwiwa.

Gangara ta fi hawa haɗari, ko da yake ta fi daɗi. Ka ja jikinka baya a kan sirdi, yatsu a kan birki biyun, kana kamawa kana saki. Riƙe birki gaba ɗaya daga sama har ƙasa yana zafafa wili, damƙe na gaba shi kaɗai kuma yana iya wuntsila ka ta kan keken. Ka rage gudu kafin kwana, ba a tsakiyarta ba. In an yi ruwa, birkin roba ba ya kamawa nan take.

Saboda haka lokacin tafiya shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan damina ta ɗauke. A tashi da idar da sallar Asuba, a nemi inuwa kafin rana ta take.

Hanyar ita ce tsohon titin Abeokuta: Agege, Abule Egba, Sango-Ota, Ifo, Papalanto, Ewekoro, Itori, Wasimi, Obada-Oko, a shiga gari ta Ita-Oshin. A ganina, wanda zai fara zuwa kada ya ɓata ƙarfinsa tsakanin Agege da Ifo, babu abin gani sai hayaƙi da tireloli, ga manyan motocin siminti na Ewekoro da ke bin titin dare da rana. Ka cire tayar gaba, ka yi ciniki da direba a tasha ya ɗora keken a but, ka sauka a Itori ko Wasimi, inda gonaki suka fara buɗewa ƙasa ta fara hawa da sauka. Wanda ya dage sai ya taka tun daga gida, to kada ya tafi shi kaɗai. Ku zama uku ko huɗu, ku jera ɗaya bayan ɗaya a gefen dama, na gaba yana nuna rami da hannu.

In ka isa, ka fara sauka a Sabo, unguwar Hausawa. Za ka samu masallaci da tuwo da shayi, da wanda zai nuna maka masauki mai tsaron keke. Ka kwana, yawon gari sai da safe.

Washegari ka nufi Dutsen Olumo tun rana ba ta yi ba. Tsayinsa mita 137 daga saman teku. A wajen 1830 ne Egbawa, wani reshe na Yarbawa, ƙarƙashin jagorancin Sodeke, suka fake a nan suna gudun yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan rushewar daular Oyo, kuma daga wannan mafaka garin ya tashi. Har yanzu ana ganin kogunan da suka zauna a ciki, da ramukan da suka yi a jikin dutse suna niƙa. Garin ya yi ƙarfin da ya kori rundunar masarautar Dahomey, da ke ƙasar Benin ta yau, sau biyu, a 1851 da 1864. Keke ba ya hawa, a ƙasa za ka ɗaure shi, ka biya kuɗin shiga, ka bi matakala. Akwai wurin bautar gargajiya a jikin dutsen da tsofaffin da ke kula da shi. Ka gaishe su, kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto sai an ba ka izini. Daga ƙololuwa za ka ga Kogin Ogun, da babban masallacin Kobiti, da tsofaffin rufin kwano da tsatsa ta rina.

Kasuwar Itoku tana nan kusa da gindin dutsen, cibiyar adire, rinin shuɗi da zai tuna wa Bakano Ƙofar Mata. Layukanta matsattsu ne, ka tura keken da hannu. Daga nan ka taka zuwa Ake, inda fadar Alake, sarkin Egba, take, da zauren Centenary da aka gina a 1930 don cikar garin shekara 100, da tsohuwar majami'ar St. Peter. A garin nan ne Baturen mishan Henry Townsend ya fara buga Iwe Irohin a 1859, jarida ta farko a ƙasar da ta zama Najeriya. A gaban fadar nan kuma matan Egba ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti suka yi zanga-zangar haraji har Alake ya sauka daga karaga a 1949. Mai sauran ƙarfi yana iya ƙarasawa ɗakin karatu na tsohon shugaban ƙasa Obasanjo, wanda aka buɗe a 2017.

Komawa kuwa, kada ka yarda magariba ta same ka a kan titin Sango. In Azahar ta yi kana cikin gari, ka sake cire tayar gaba, ka nufi tashar Kuto ko Lafenwa ka hau mota.