Yadda Ake Nemo Direban Wi-Fi Da Ya Ɓace A Kwamfuta A Saka Shi

An yi wa laftof sabon Windows, komai ya tashi lafiya, sai ka duba kusurwar ƙasa ta dama ka ga babu alamar Wi-Fi ko kaɗan. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa katin Wi-Fi ya ƙone. Galibi lafiyarsa ƙalau. Abin da ya ɓace shi ne direba, ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta gane katin ta yi aiki da shi. Matsalar ita ce direban a intanet yake, kwamfutar kuma ba ta da hanyar shiga intanet. Ga yadda ake warware wannan a Windows 10 da Windows 11.

Da farko ka tabbatar direban ne

Duba ko Airplane mode a kunne yake, ko an taɓa maɓallin Wi-Fi na saman madannai. Idan ba nan ba ne, danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Device Manager. Buɗe Network adapters ka nemi suna mai ɗauke da Wireless, Wi-Fi ko 802.11. Idan babu, duba Other devices. Za ka ga Network Controller da alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa: shi ne katin Wi-Fi. Ethernet Controller kuma ramin kebul ne. Ka danna Network Controller ɗin sau biyu, idan ka ga Code 28, to direba ne ba a saka ba, shi ke nan.

Aro intanet daga waya

Jona wayar Android da kwamfutar da kebul na USB, ka shiga saitin Hotspot na wayar ka kunna USB tethering. Windows ta zo da direban wannan tun asali, don haka cikin 'yan daƙiƙu intanet zai shigo. Idan wurin kunnawar ya ƙi dannuwa, wataƙila kebul ɗin na caji ne kawai, canza wani. iPhone tana buƙatar nata direban na Apple, saboda haka Android ta fi sauƙi a wannan aiki.

Ka lura da data. Windows tana ɗaukar wannan haɗin tamkar kebul na ofis, za ta fara janyo manyan sabuntawa ba tare da ta tambaye ka ba. Kada ka ɓata lokaci: shiga Settings, Windows Update, danna Check for updates, sannan ka buɗe Optional updates, wanda a Windows 11 yake ƙarƙashin Advanced options. Idan akwai direban Wi-Fi a jerin, zaɓe shi ka saka. Sau da yawa aikin a nan yake ƙarewa.

Idan bai fito ba, tambayi katin sunansa

Wannan shi ne matakin da na fi so kowa ya iya, domin a nan ake raba mai sani da mai laluben duhu. Samfurin laftof ɗaya yana iya zuwa da katin Wi-Fi iri-iri, wani da na Intel, wani da na Realtek, alhali sunan da ke jikin murfin ɗaya ne. Ga kuma kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda wasunsu an riga an canza musu kati kafin su iso kasuwa. Don haka sanin cewa HP EliteBook 840 ce a hannunka bai isa ba.

Danna Network Controller da maɓallin dama na linzami, zaɓi Properties, shiga Details, a jerin Property ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga layi mai kama da PCI\VEN_8086&DEV_ da wasu haruffa huɗu. Lambar da ke bayan VEN ita ce ta kamfanin da ya ƙera katin: 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 14E4 na Broadcom, 168C na Qualcomm Atheros, 14C3 kuma na MediaTek. Ta bayan DEV ita ke nuna ainihin samfurin katin. Ɗauki hoton layin da waya, ka rubuta lambobin biyu a Google, sunan katin zai fito. Idan na USB ne, VID da PID za ka gani a maimakonsu.

Inda za ka sauke shi

Je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar: support.hp.com, dell.com/support, ko shafin tallafi na Lenovo. Shigar da lambar da ke ƙasan laftof ɗin. A Dell ana kiranta Service Tag, haruffa da lambobi 7 ne. Zaɓi irin Windows ɗinka, buɗe sashen Network, ka ɗauki direban da ya yi daidai da sunan katin da ka gano. Windows 11 duk 64-bit ce, amma Windows 10 tana da 32 da 64, sai ka duba naka a Settings, System, About. Idan katin na Intel ne, shafin Intel ma yana da direban kai tsaye.

Don Allah ka guji shafukan nan masu manyan maɓallan Download kore, da manhajojin da ke alƙawarin gyara duk direbobi da dannawa ɗaya. Direba yana aiki ne a can cikin zuciyar Windows, duk abin da ka saka da sunansa ka ba shi iko a kan komai naka, har da bayanan banki. Bai kamata a karɓe shi daga hannun wanda ba a sani ba.

Idan wayar ta ƙi haɗuwa da kwamfutar, sauke fayil ɗin a wata kwamfuta ka ɗauko a filash.

Sakawa

Fayil mai ƙarewa da .exe dannawa biyu kawai yake so, ka bi umarni, ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa. Idan .zip ne, fara warware shi. Daga nan koma Device Manager, danna Network Controller da dama, Update driver, Browse my computer for drivers, nuna masa inda ka warware fayilolin, ka tabbata Include subfolders yana da alama. Windows za ta nemo fayil ɗin .inf da kanta.

Idan ya shiga amma ka ga Code 10, yi Uninstall device, sake kunna kwamfutar, ka gwada direban kamfanin laftof ɗin ko wanda ya girme shi. Idan kuma katin bai bayyana a Device Manager ba sam, leƙa BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka ga ko an kashe Wireless: da zarar ka kunna kwamfutar danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 a Lenovo ThinkPad. In a kunne yake, wataƙila katin ya motsa daga mazauninsa ko ya mutu. Nan ne ake kai wa mai gyara, ko a sayi ƙaramin Wi-Fi na USB a jona.

Da zarar Wi-Fi ya dawo, ajiye direbobin. Buɗe sabon folda a filash mai suna Direbobi, buɗe Command Prompt ta Run as administrator, ka rubuta pnputil /export-driver * E:\Direbobi, kana mai canza E da harafin filash ɗinka. Duk ranar da aka sake yi wa kwamfutar sabon Windows, wannan foldan za ka nuna wa Update driver.